Yadda Ingilishi ya zubar da wutsiyoyinsa

Yaron Dogon Dutsi ko Tibiri yakan yi shekara 6 a firamare da Faransanci, inda wutsiyar kalma ke nuna masa hanya: "travail" suna, "travailler" aikatau. Da ya shiga koleji sai ya tarar da "love" da "work", kowace tana aikin suna da na aikatau, ya rikice.

Asalin rikicin yana cikin tarihi. Shekara 1000 da suka wuce Ingilishi ma da wutsiyoyinsa: "lufu" ƙauna, "lufian" ƙaunata. Sun fara gogewa tun zamanin da ƴan Denmark suka zauna a arewa da gabashin Ingila. Da William na Normandi ya ci ƙasar a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, Ingilishi ya koma bakin talakawa, gogewar ta ci gaba. Kafin 1500, duka biyun sun zama "love".

Don haka, malamai da iyaye, mu koya wa yaro duba maƙwabtan kalma. In "love" ta biyo bayan "my", suna ce; bayan "we", aikatau ce. Dabarar yana da ita tun daga gida: ba ya rikita "noma sai da ruwa" da "Baba ya noma gero".