Kafin a ja waya, sai an zauna

Tun da faifan Starlink ya soma bayyana a kan rufin shaguna, bayan ya fara aiki a Nijar cikin watan Maris na 2025, nake jin wata magana a bakin samarin da suka gaje mu: wai zamanin tsara rezo ya wuce. A ɗora faifai, a sayo akwatin wifi a kasuwar Dole ta Damagaram, a raba wa mutane lambar sirri, shi ke nan. Wani ɗan ƙanena da ya karanta wannan fanni ya zo gaishe ni nan Guna, inda na dawo tun da na aje aiki, ya ce mini, "Baba, ai ku kun sha wahala ne don kayan aikinku ba su da kyau." Raina ya sosu. Gaskiya ce kayanmu ba su kama ƙafar nasu ba. Abin da ya dame ni shi ne bai san akwai wani aiki da ake yi kafin a taɓa kaya ba, kuma ba wanda ya nuna masa, don masu yinsa sun ƙare.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin OPT ne, tun gidan waya da tarho suna haɗe, kafin a raba su a 1997 a fitar da Sonitel. Mutumin turaku ne da layin tagulla. Da ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗan shagonsa a Damagaram, yana haɗa tarho a ma'aikatu, daga baya kwamfuta ta shigo ta same shi a nan. Ba shi da takardar injiniya, amma na ga masu takardar suna zuwa da zanensu ya duba musu kafin su kai wa mai aiki.

In wani attajiri ya kira shi ya haɗa masa kwamfutoci, ba ya zuwa da waya ko ƙusa. Abin da yake cewa kullum guda ne: "Alhaji, a ba yaron nan benci kusa da mai rubutu." Sai in zauna. Ba na magana, ba na taɓa komai. Ina kallon wa ke rubuta takardar kaya, wa ke karɓar kuɗi, wa ke riƙe da makullin sito, da hanyar da takarda ke bi daga hannu zuwa hannu har ta kwana a aljihun wani. Ba ya yarda in tashi sai na ga ranar Alhamis, ranar da kasuwa ke cika, na ga ranar da motocin Kano ke sauke kaya ana neman takardun duwan, na kuma ga ƙarshen wata. Da yamma ya tsare ni da tambayoyi. Wadda ba ya taɓa tsallakewa ita ce: "Kai yaro, in layi ya yanke awa guda, Alhaji zai yi asarar me?" Mai sayar da atamfa ba zai yi asarar komai ba, zai rubuta a takarda ya shigar da dare. Mai aika kuɗi kuwa cinikinsa duka ya tsaya, mutane suna layi suna zaginsa. Waɗannan mutane biyu ba rezo ɗaya suke bukata ba, ko da ɗakunansu iri ɗaya ne, kwamfutocinsu ma adadi ɗaya. Sayar wa na farko layi biyu zalunci ne, barin na biyu da layi ɗaya kuma sakaci.

Yana yawan tuna mini cewa fataken unguwar Zango suna da wakilai a Kano da Agadas har Turabulus tun zamanin Sarki Tanimun, suna sanin abin da ke hannun kowa ba tare da waya ba. Saboda haka tsarin yana nan tun kafin mu zo, namu mu gano shi mu bi. Abin da ya fi wuyar ganowa shi ne amana. Alhaji ba zai taɓa faɗa maka da bakinsa cewa bai son ɗansa na fari ya ga littafin bashi ba, ko cewa mai sito ya san adadin buhuna amma kada ya san kuɗin da aka sayo su. Sai ka zauna ka ga wanda ake rufe littafi in ya shigo. Daga wannan kallo muke yanke wace na'ura za ta ga wace, tun ba mu da akwatunan da ke raba rezo gida gida.

Duk abin da zaman ya haifar yana shiga kundi. Littafin 'yan makaranta ne mai bango mai kauri. Shafin farko babu waya ko ɗaya a cikinsa, zanen cinikin ne: mutane da kibiyoyi. Shafi na biyu zanen gidan, an auna shi da igiya, an nuna kaurin kowane bango. Sannan kowace waya da lambarta, lambar da ke ɗaure a bakinta na nan da na can. Sannan shafin wuta. Shafin ƙarshe shi ne abin da za a yi in abu ya tsaya, mataki mataki, da Faransanci don mai rubutu, da Hausa cikin ajami don Alhaji ya karanta da kansa ba sai an fassara masa ba. Kundi biyu muke yi, ɗaya namu, ɗaya na mai aiki.

A zamanin baƙar waya, wadda ke bi ta bayan kowace kwamfuta a jere har mita 185 da toshiya a kowane ƙarshe, kundin nan ne ke cetonmu. Mai shara ya tura tebur, mahaɗi guda ya saki, ofis duka ya mutu. Wanda ya san jerin zai raba layin biyu ya gano wurin kafin shayi ya huce, wanda bai sani ba ya wuni a ƙarƙashin tebura. Da waya mai igiya takwas ta zo da iyakarta ta mita 100 da akwatin rarrabawa a tsakiya, mun huta ƙwarai, ban taɓa kewar waccan ba.

Maganar auna bango ta tuna mini da gawo, ko da yake wannan ya faru ne shekaru bayan haka, lokacin da aka soma haɗa shago da sito na bayan gari ta eriya. Wasu samari daga nesa suka zo wa wani mai sayen amfanin gona, suka hau rufi cikin watan Agusta, suka hango ɗaya ginin tas ta tsakanin rassa, suka kafa, ya yi aiki, aka biya su suka tafi. Da kaka ta wuce layin ya soma tangaɗi, kafin tsakiyar hunturu ya mutu. Aka canza eriya, aka canza waya, a banza. Maigida ya zo bai ko hau rufin ba. Ya tsaya ya dubi fili ya ce, "Da damina suka auna." Duk ɗan manomi a Guna ya san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi lif da rani, sabanin sauran itatuwa. Kuma tsakanin Mirya da Magarya da Matamai manoma sun bar gawo ya sake tofowa a gonaki tun shekarun 1980, har ƙasar ta cika da shi. Muka ƙara tsawon ƙarfen da ke ɗauke da eriya a ɓangarorin biyu, magana ta ƙare. Tun daga ranar kowane kundi namu yana ɗauke da watan da aka yi awo da sunan itatuwan da ke kan hanya.

Haka maganar ƙasa. Dutsen da ya hana Damagaram ruwa shi ne ke hana sandar tagulla kama ƙasa. Mukan haƙa rami mu zuba gawayi da gishiri, mu rubuta a kundi cewa a riƙa ba ramin ruwa da bazara, domin tsawar farkon damina kan busasshiyar ƙasa take sauka, kuma ta wayar da ke tsakanin gini biyu take shiga ta ƙone komai. Yau ina ganin waya a rataye daga soro zuwa soro babu ko tunanin wannan.

In na koma baya, intanet ta iso mana ne a ƙarshen shekarun 1990, ta modem da layin tarho, adireshin kowa yana ƙarewa da intnet.ne, komai kuma sai ya bi ta Yamai, kusan kilomita 900. Bankuna da manyan ƙungiyoyi suka kafa faifan tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 36,000, saƙo ya je ya dawo ya haura rabin daƙiƙa. Manhajar lissafin da aka rubuta don ofis guda, mai yawan tambaya da jiran amsa, in ka ɗora ta kan wannan layi sai ta riƙa rarrafe. Wasu suka ce a ƙara kuɗi a faɗaɗa layi. Maigida ya ce faɗi ba ya rage nisa. Ya bar uwar na'ura a cikin gida, ciniki ya gudana a nan, a tattara lissafin yini a aika da dare. Bai karanta wannan a littafi ba, ya ga yadda Alhaji da wakilinsa suke yi ne tun da can. A 2006 kuma, da aka mai da lambobin tarho daga shida zuwa takwas, kowace na'ura mai kiran lamba da kanta sai da aka gyara ta. Mu mun buɗe kundi mun bi su ɗaya ɗaya. Wuraren da ba su da shi sai da abu ya ƙi tafiya sannan suka tuna akwai wani modem a bayan kabad.

Abin da ya kashe zaman ba ɓoyayye ba ne. Salula ta zo da Celtel a 2001, wasu kamfanoni suka biyo, har ya zama kowa yana da intanet a aljihu, sai mai ciniki ya daina ganin dalilin biyan wanda zai zauna yana kallonsa. Kwangiloli kuma suka koma ana rubuta su a manyan birane, da zane da jerin kaya, tun wanda ya zana bai taɓa taka ginin ba. A takardar farashi akwai layin waya, akwai layin akwati, babu layin zama, babu layin kundi. Wanda ya sa su ya fi kowa tsada, ya rasa aikin. Wannan yana ci mini rai har yau, tare da ganin cewa in ana bikin buɗe wani sabon abu ba a taɓa ambaton irin su Maigida, waɗanda suka riƙe garin nan da tagulla da dabara tun babu komai.

Samarin yanzu sun fi mu sanin tsaro da ɓarayin intanet, wannan na ba su. Fibir ma ta iso Damagaram cikin shekarun 2010, Sonitel da SahelCom suka haɗe suka zama Niger Telecom a 2016, kuma cikin aikin babban layin da ke ratsa Sahara akwai reshen da ya nufi Magarya har iyakar Najeriya. Na yi murna da wannan reshe, domin mun daɗe muna ganin saƙon da za a aika Kano, wadda mota ke isa cikin yini, yana zagayawa ta Yamai da Kwatano da teku. Amma duk wannan bai taɓa shafin wuta ba. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024, an ga bambanci. Shafin wuta tambaya biyu yake amsawa: waɗanne na'urori ne dole su rayu, kuma awa nawa. Wanda ya ware teburin kuɗi da akwatin rezo ya ba su batir da allon hasken rana nasu su kaɗai ya ci gaba da ciniki. Wanda ya haɗa su layi ɗaya da firiji da fankoki ya ƙone man injin wuta har ya gaji ya rufe.

Kwanan baya wani mai sito ya aiko a ɗauke ni daga Guna. Wanda ya haɗa masa kaya ya tafi neman kuɗi wata ƙasa, ya tafi da lambobin sirri duka a kansa. Kyamarori, na'urar kuɗi da wayoyin yaran shago duk a rezo guda suke, har maƙwabta suna sha. Babu waya ko ɗaya mai lamba. Ya ce, "Malam, nawa ne a gyara yau?" Na ce masa, "Alhaji, yau ba gyara. A ba ni benci kusa da mai rubutu." Sai da na ga ranar kasuwa da ranar saukar kaya sannan na raba masa rezon gida uku, na ɗaura wa kowace waya lamba, na rubuta sabon kundi da boko da ajami. Lambobin sirrin na sa su a ambulan dabam, na ce ya ajiye su tare da takardun filinsa, kuma duk mai gyaran da ya taɓa wani abu ya rubuta a kundin da kwanan wata kafin a biya shi.