Girman bulo wajen kwafe faifai da ceto CD ko DVD da ya ƙarje

Jama'a, da yawanmu a Sabo da Agege muna da faifan bidiyon biki ko na wa'azi da danshin Kudu da ƙarzuwa suka fara ci. Ga abin da nake bi in zan kwafe faifai gaba ɗayansa zuwa fayil guda a kwamfuta mai Linux.

Menene bulo? Shi ne yawan bayanan da manhajar dd ke ɗauka a karo ɗaya, ana saka shi da bs. In ba ka saka ba, dd na ɗaukar bayit 512 ne kawai, shi ya sa aikin ke jan jiki. Kamar lodin shanu ne: ɗaiɗai a ƙaramar mota ɓata lokaci ne, tirela ta fi sauri.

In faifan lafiyarsa lau, ko za ka rubuta fayil ɗin ISO a filas, bs=4M ya wadatar. Amma ka duba if (inda za a ɗauko) da of (inda za a zuba) sau biyu, domin in ka juya su, dd zai shafe maka kaya ba tambaya.

Faifai mai ƙarzuwa kuwa lissafinsa daban ne. Kowane sashe na CD ɗin bayanai da DVD bayit 2048 ne. In ka sa babban bulo, sashe ɗaya da ya lalace zai iya jawo asarar abin da ke kusa da shi. Saboda haka a sa bs=2048 da conv=noerror,sync, don dd ya ci gaba, ya cike gurbin da sifili, sauran bayanan su zauna a mazauninsu.

Ni dai na fi son GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Yana fara kwashe wurare masu kyau, sannan ya dawo kan masu matsala:

ddrescue -b 2048 -n /dev/sr0 biki.iso biki.map
ddrescue -b 2048 -r3 /dev/sr0 biki.iso biki.map

Fayil ɗin map yana riƙe inda aka tsaya, ko an ɗauke wuta. In akwai kwafi na biyu na faifan, ko wata na'urar karantawa, a maimaita da map ɗin nan, sai a cike giɓin.

Kafin komai, a goge faifan da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi shi zagaye.