Daga Magini Zuwa Mai Zanen Gida: Taƙaitaccen Tarihin Tsara Muhalli a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an samu ƙananan kamfanoni na masu zanen gine-gine a biranenmu, waɗanda aikinsu shi ne mutum ya je musu da filinsa da buƙatunsa, su zana masa gida na zamani wanda ya dace da shi da iyalinsa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan baƙon abu ne da ilmin boko ya kawo. A wannan ɗan rubutu ina so in bi sawun al'amarin, in nuna cewa tsara wa mutum gida daidai da zamansa tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, kuma baƙon da ya zo daga baya shi ne gidan kwafi, watau zane ɗaya da ake maimaita wa kowa.

Zamanin Magina

A da, in Bahaushe zai yi gini, magini yake kira, su je filin tare. Mai gida zai faɗi yawan matansa da 'ya'yansa, da irin sana'arsa, da baƙin da yake saukarwa. Magini kuwa ba ya riƙe da takarda. A ƙasa yake shata ɗakuna da ƙafarsa, mai gida yana kallo, in wani wuri bai yi masa ba a share a sake. Saboda haka gidan malami yakan samu babban zaure don almajirai, gidan fatake ya samu masaukin baƙi da wurin ɗaure dabbobi. Amma duk gidan da ka shiga, sai ka bi ta zaure, ka ratsa ƙofar gida, ka isa shigifa, kafin ka ga cikin gida. Wannan jeri shi ne yake raba baƙo da iyali, ya tsare mutuncin matan gida ba tare da an wulaƙanta mai sallama ba.

Kayan aikin ma na ƙasa ne. Da tubali ake ɗora bango, a yi rufi da azara, wadda ake tsagawa daga giginya domin gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙware wajen ɗaurin baka, don su samu faffaɗan ɗaki ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Daga nan sai a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Bango mai kauri yakan shanye zafin rana, ya sake shi da dare, don haka soro yake da sanyi da bazara, yake da ɗumi da hunturu.

Sana'ar tana da shugabanci, watau Sarkin Magina, kuma gadonta ake yi. Wanda ya fi shahara a cikin magina shi ne Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. In muka duba da kyau, magini da 'ya'yansa da yaransa su ne ƙaramin kamfanin wancan zamani.

Zuwan Turawa da Siminti

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso ta a 1911, ya sauƙaƙa shigowar kwano da siminti daga bakin teku. Da farko su kansu Turawan a gidajen ƙasa suka zauna, kamar Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Hanns Vischer ya zauna. Sannu a hankali ma'aikatar ayyuka ta shiga gina wa ma'aikata gidaje a bariki bisa zane ɗaya. Irin wannan gida yana tsakiyar fili, tagoginsa suna kallon waje, ƙofarsa tana buɗewa kai tsaye cikin falo. Don Bature da matarsa guda aka tsara shi, alhali gidan Bahaushe ciki yake kallo, bangonsa yana bakin hanya, filinsa yana tsakiya.

Da aka samu mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje, sai gidan bariki ya zama alamar wayewa. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 suka ƙara wa abin ƙarfi, har jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka cushe tashar Ikko a 1975. Daga 1979 kuma gwamnatin Shehu Shagari ta shiga gina gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, kusan duk iri ɗaya. Niyyar mai kyau ce, amma duk wanda ya ratsa irin waɗannan unguwanni ya ga abin da mazauna suka yi: wannan ya ja katanga, wancan ya kafa rumfa a ƙofa a madadin zaure, wani ya fitar da murhu waje. Haƙiƙa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu Zane 'Yan Ƙasa

Koyar da zanen gine-gine a Zariya ya soma a 1955, lokacin da aka mayar da sashen daga Ibadan, kuma ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Nijeriya kuwa an kafa ta a 1960. Sai dai waɗanda suka fito daga makaranta a farko, manyan ayyukan gwamnati suka fi shagaltar da su, kamar sakatariya da asibiti da makarantu. Talaka da matsakaicin ma'aikaci suka koma aron zane daga maƙwabci, a miƙa wa birkila, a ɗora bulo, a rufa kwano. Sakamakon shi ne ɗakin da ba ya kwantuwa da bazara in babu wutar lantarki.

Misali Daga Nijar

A Jamhuriyar Nijar an samu misalai da suka nuna cewa igiyar ba ta tsinke ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya soma gina masallacin ƙasa a 1962, aka ci gaba da faɗaɗa shi har 1982, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. Bayan haka, a 2014, Mariam Issoufou ta buɗe ɗan ƙaramin ofishin zane a Yamai, ta raɗa masa suna da kalmar Hausa, Masomi. Ita da abokan aikinta uku suka zana gidaje shida da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016. Benaye ne na zamani, an gina su da bulon ƙasa wanda aka matse da inji, kuma an tsara su da tsakar gida da iska take ratsawa, ga sutura daga idon mai wucewa. Ko da yake ba don mutum guda aka zana su ba, an yi su ne bayan lura da yadda mutanen garin suke zama. A Dandaji kuma, a aikin da aka gama a 2018, an mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, kuma an yi aikin tare da maginan gargajiya.

Kammalawa

Ba ina cewa mu koma ginin tubali kamar yadda kakanninmu suka yi ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan damina, azara ta yi tsada, filaye kuma sun ƙanƙance. Abin da nake jin tarihin nan ya koya mana shi ne, gwanintar magini tana cikin sauraren mai gida kafin ya shata ƙasa. A nan ne ƙaramin kamfani ya fi babba dama, domin mai zanen da kansa yake zama da mai gida da uwargida, ya ji inda ake girki, da inda ake karɓar gaisuwar suna ko ta'aziyya, da inda tsohuwa za ta shimfiɗa tabarmarta.

Mu ɗaliban Hausa ma muna da namu rabo a wannan aiki, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kalmomi irin su zanko da indararo da turaka da shigifa suna ɓacewa daga bakin yara tare da gine-ginen da suke ɗauke da su. Ya kamata mu je wurin tsofaffin magina da suka rage a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, mu rubuta abin da suka sani, mu miƙa wa 'yan'uwanmu da ke sashen zanen gine-gine.