ABANTU da doguwar tafiyar matan Ghana zuwa majalisa

A shekarar 1991 wasu matan Afirka mazauna Turai suka haɗu a birnin Landan suka kafa ƙungiyar ABANTU for Development. Jagorarsu ita ce Dokta Wanjiru Kihoro, 'yar ƙasar Kenya, masaniyar tattalin arziki wadda ta yi zaman gudun hijira a Ingila a zamanin mulkin Daniel arap Moi. Abin da ya dame su a fili yake. Ana ta kwararo kuɗin raya ƙasa Afirka da sunan mata, amma a wurin da ake zama a yanke yadda za a kashe kuɗin, da wuya ka ga mace. Sai suka fara da horar da mata shugabannin ƙungiyoyi yadda ake karanta kasafin kuɗi, da yadda ake tunkarar gwamnati da hujja a hannu.

Taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 ya ƙara musu ƙarfin gwiwa, domin daga nan ne maganar ba mata aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kujerun mulki ta bazu ko'ina. Ƙungiyar ta buɗe ofis a Nairobi, ta buɗe a Kaduna, sannan a ƙarshen shekarun 1990 ta kafa ofishin Afirka ta Yamma a Akara, wanda Dokta Rose Mensah-Kutin ta daɗe tana riƙe da shi. Wannan reshe na Ghana shi ne ya fi kowanne yin suna.

Ghana ba baƙuwar wannan magana ba ce. Tun 1960 Kwame Nkrumah ya sa aka yi dokar da ta shigar da mata 10 majalisa. Juyin mulkin 1966 ya tafi da wannan tsari, gwamnatocin da suka biyo baya kuma ba su maido shi ba. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai hana nuna wa mata wariya, a 1986, amma sa hannu a takarda bai ƙara wa mata kujera ko ɗaya ba.

Babban aikin ABANTU ya zo a 2003, lokacin da ta tara ƙungiyoyin mata, da 'yan ƙwadago, da malaman jami'a, da matan majalisun gundumomi, aka zagaya yankunan ƙasar ana jin kokensu. A Satumban 2004, ana dab da zaɓe, aka ƙaddamar da Kundin Buƙatun Matan Ghana. A ganina hikimar tana nan: kundin ba na wata jam'iyya ba ne, kuma bai tsaya kan kujerun siyasa kawai ba. Ya taɓo mallakar fili, da lafiyar masu juna biyu, da aure da gado, da halin da 'yan kasuwa mata ke ciki. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, akwai takardar da za a miƙa masa a ce ya faɗi matsayinsa. Irin wannan haɗin gwiwa na cikin abin da ya tura dokar hana cin zarafi a gida ta 2007.

Alƙaluman majalisa kuwa sun yi ta jan ƙafa. Mata 25 suka shiga cikin kujeru 230 a 2004, a 2008 ma adadin ya ragu. A 2020 sun kai 40 cikin 275. An soma tsara dokar daidaita wakilci tun 2011, aka yi ta kai da komo har majalisa ta amince da ita ranar 30 ga Yulin 2024, da burin kashi 30 zuwa 2026, daga baya kuma kashi 50. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2025, Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta zama mace ta farko mataimakiyar shugaban ƙasa.

To, ina matan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a biranen Ghana, a wannan tafiya? Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda ya san siyasar Kumasi ya san babu jam'iyyar da ke cika fili a Aboabo ko Sawaba ba tare da magajiya, wato shugabar mata, ba. Ita ke tara mata, ita ke raba atamfa, ita ta san gidan da ake suna da gidan da ake zaman makoki, ita ke bi ƙofa ƙofa ranar zaɓe. Matan da ke riƙe da cinikin goro da hatsi da adashe ba sa buƙatar a koya musu shugabanci. Amma tun da aka ƙirƙiri mazaɓar Asawase, inda waɗannan unguwanni suke, a 2004, maza ne ke wakiltarta. Kumasi ta ga Patricia Appiagyei ta shugabanci birnin daga 2005, daga baya ta wakilci Asokwa a majalisa. Arewacin Ghana ya fitar da marigayiya Hawa Yakubu ta Bawku da Hajiya Alima Mahama. Saboda haka ba a rasa abin koyi ba.

Abin da ke tare hanya sananne ne: kuɗin fam da na zaɓen fid da gwani, da yardar miji da dangi, da baƙar maganar da ake jifan mace da ita da zarar hotonta ya hau bango. Akwai kuma harshe. Taron horaswa da ake yi da Turanci a otal a Akara ba ya isa ga matar da siyasarta duka da Hausa da Tuwi take yin ta. Dokar 2024 ba ta keɓe wa mata kujeru a majalisa ba, ta bar wa jam'iyyu su cika burin da kansu. Ƙofar da ta fi kusa da matan Zango ita ce majalisar gunduma, inda ba a tsayawa da tutar jam'iyya, inda kuma shugaban ƙasa ke naɗa kashi 30 na mambobi. Har yanzu mata ba su kai ɗaya cikin goma na waɗanda ake zaɓa a can ba.