Zanen barkwanci kan mazan jiya: asalinsa, salonsa da iyakarsa a ƙasar Damagaram

Zanen barkwanci na tarihi labari ne da ake bayarwa da hotunan hannu a jere, gida bayan gida, inda ake ɗauko sarki, jarumi ko shugaban da ya shuɗe a sa shi cikin abin dariya. Faransawa na kiran littattafan labarin zane bande dessinée, ƴan lakwal kuma sukan taƙaita su ce "bede". A irin wannan aiki, salon zanen ne ke nuna ko da mutumin ake dariya ko shi ake yi wa. Wannan bambanci yana da nauyi a gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, inda jikokin sarakunan da tarihi ke ambata suke riƙe da sarauta har yau.

Asalinsa a duniya

Yi wa masu mulki ba'a da alƙalamin zane ya bunƙasa a Faransa a ƙarni na 19. A 1831, Charles Philipon ya zana fuskar sarki Louis-Philippe a matakai huɗu, har ta rikiɗe ta koma ɗan itacen da suke kira poire, mai faɗin gindi da tsukakken kai kamar ƙaramin gora. Kalmar tana kuma nufin wawa a bakin ƴan gari. Abokin aikinsa Honoré Daumier ya zana sarkin a matsayin ƙaton mahaɗiyi da ke lanƙwame dukiyar talakawa, aka yanke masa ɗaurin wata 6 a 1832.

Waɗannan da mai rai suka yi. Waɗanda suka koma ga mutanen da suka daɗe da rasuwa sun fi samun sarari. A 1959, René Goscinny da Albert Uderzo suka ƙirƙiro Astérix a mujallar Pilote, inda ƴan wani ƙaramin ƙauye ke hana shugaban Rumawa Jules César sakat. Littafin da suka sa sarauniyar Masar Cléopâtre a ciki ya fito a 1965, kuma kusan kowa a cikinsa sai ya tanka wa hancinta. Morris, ɗan Beljiyam da ya ƙirƙiro Lucky Luke a 1946, ya mayar da shahararrun ƴan fashin Amurka irin su Billy the Kid da Jesse James abin wasan yara. A 1962 Goscinny da Jean Tabary suka fito da Iznogoud, wazirin Bagadaza mai ƙulle-ƙullen hawa gadon ubangidansa. Sun sa wa halifan suna Haroun El Poussah, wanda ke tuna wa mai karatu Haruna Rashid ba tare da an ce shi ne ba.

A ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yara da yawa sun fara sanin labarin zane ta mujallar Kouakou, wadda aka soma bugawa a 1966. Daga baya jaridun barkwanci suka kafu: Le Cafard Libéré a Senegal, inda T.T. Fons ya zana Goorgoorlou, Journal du Jeudi a Burkina Faso, inda Damien Glez ya yi suna, da Gbich! a Abijan. A Najeriya, zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yana yawo a wayoyin masu jin Hausa a ɓangarorin iyaka biyu.

Manyan salon zane

Tsaftataccen layi. Shi ne salon Hergé, mai Tintin, wanda aka fara a 1929. Layin kaurinsa ɗaya, babu inuwa mai yawa, fuska ƴar ɗigo biyu ce da ɗan hanci, amma gine-gine da tufafi da motoci ana zana su daidai da yadda suke. Salon ya dace da labarin da ke son koyar da tarihi, domin mai karatu yana ganin wurin da zamanin a fili.

Babban hanci. Salon Uderzo da Morris da André Franquin ke nan: gajerun ƙafafu, tumbi, ƙaton hanci, jiki kamar roba. Akwai dabara a Astérix da ta cancanci lura. Da yawa daga mutanen ƙauyen ƙundumammu ne, amma César dogo ne siriri, fuskarsa kusa da wadda ke kan tsoffin kuɗaɗe da mutum-mutumin Rum. Ana kayar da sojojinsa, ana ɓata masa shiri, amma layin da aka zana shi da shi bai zubar masa da girma ba.

Zuzuta kama. Salon Philipon da Daumier, kuma shi jaridu suka gada. Mai zane yakan kama abu ɗaya a jikin mutum, hanci ko tabarau ko hula, ya ƙara masa gishiri har ya zama shi ne mutumin. Ya fi kowane salo cizo, shi ya sa ya fi kai masu shi gaban alƙali.

Zanen hanzari. Layi ne sako-sako kamar an yi shi a bayan takarda. Kate Beaton ƴar Kanada, wadda ta karanci tarihi kuma ta yi aiki a gidan adana kayan tarihi, ta shahara da shi a Hark! A Vagrant, da ta fara sakawa a intanet a 2007 kafin ya zama littafi a 2011. Ƙarfinta yana ga ido da gira, da kuma sa wa irin su Napoléon maganar mutanen yau a baki. Salon baya buƙatar kayan aiki masu tsada.

Dabba a madadin mutum. A nan Nijar tana da gwani. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya yi majigin zane mai motsi Bon Voyage Sim a 1966, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk bukukuwan da ke tare da ita. Bai kama sunan kowa ba, amma masu kallo sun gane. A watan Oktoba na 2024 aka sa sunansa ga tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai. Salon ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da Zaki da Kura.

Zanen kama da gaske. Shi ake amfani da shi idan girmamawa ake nufi. Hukumar UNESCO ta yi jerin labaran zane kan matan tarihin Afirka, ciki har da Yennega da Njinga da Funmilayo Ransome-Kuti. Gidan rediyon DW kuma, tare da masu zanen Comic Republic na Legas, ya gabatar da Tushen Afirka, wanda Bayajidda ke cikinsa.

Mutanen tarihin yankin da matsalar fuska

Magarya da Dungas, waɗanda aka raba gida biyu a 2011, sun haura mutum dubu 900 a haɗe a ƙidayar 2012, kuma tarihinsu cike yake da mutanen da labari zai iya ɗauka. Gidan sarautar Magarya reshe ne na tsohon gidan Daura, wanda jihadin farkon ƙarni na 19 ya tarwatsa zuwa Zango da Ɓaure da Magarya. Ta nan labarin Bayajidda da Daurama da rijiyar Kusugu ya zama na gida. Dungas kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Wacha da Mirya, waɗanda daular Damagaram ta shigar ƙarƙashinta. A Damagaram akwai sarki Tanimun, wanda ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884. Akwai Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin Cazemajou a watan Mayu na 1898, ya kuma gwabza da sojan Faransa a Tirmini a watan Yuli na 1899.

Uderzo yana da kuɗin Rum da zai duba. Mai zanen da ya ɗauki Tanimun ba shi da wannan gata, domin sarkin ya rasu shekara 14 kafin Cazemajou ya iso. Bayajidda kuwa da baki labarinsa ya zo. Abin da ya rage shi ne alamu: naɗin rawani, alkyabba, lifidi da kayan doki, tambari da algaita, zanen fuska na kowane gida, da adon bangon unguwar Birni. Sai kuma kirari da laƙabi, waɗanda su kansu zane ne da baki. Wanda aka ce wa Kuran Daga, an riga an ba mai zane rabin aikinsa.

Fuskar da aka fara ƙirƙirowa takan zauna. Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, ta shiga littafin Abdoulaye Mamani a 1980, sannan majigin Med Hondo a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Tun daga nan, da yawa idan aka ambace ta, fuskar Aï Keïta da ta fito a matsayinta suke gani. Saboda haka mai zane na farko yana ɗauke da nauyin da na goma ba ya ɗauka. Abin dogaro a rubuce akwai shi: André Salifou, haifaffen Damagaram, ya wallafa tarihin daular a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune.

Barkwancin da ƙasar ta gada

Yi wa manya dariya ba daga Turai ya zo ba. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke haɗa bindigogi da kayan aiki da karan hatsi, su kwaikwayi sarki da sojan Nasara da gwamna da ministoci, jama'a na kallo, wani lokaci har da waɗanda ake kwaikwayon. A fadojin ƙasar Hausa an san wasan gauta, inda matan gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa. Akwai tashe a watan azumi, akwai ƴan kama, akwai wawan sarki. Yazi Dogo da ƙungiyarsa sun ɗora wasan kwaikwayonsu na Damagaram kan wannan gado. Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilun Nijar kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014.

Dukkansu ƙa'idarsu ɗaya. Ana taɓa hali, kamar rowa, tsoro, son girma ko kwaɗayi. Ana taɓa tafiya da murya da naɗin rawani. Ba a taɓa uwa, ba a tone asali, ba a ambaci bauta a kan wani gida. Kuma wasan yana da lokacinsa da filinsa. Bambancin zane shi ne ba ya watsewa da yamma kamar taron wasan kara. Hoton da aka zana a Magarya yana iya kwana a Babura ko Maigatari ta WhatsApp, a hannun wanda bai san wasan da ke tsakanin gidajen ba.

Iyakoki

Iyaka ta farko ta addini ce. Musulmin yankin ba su yarda a zana Annabawa ba ko da girmamawa ake nufi, malamai kuma sun yi saɓani kan zanen mai rai gaba ɗaya. Shi ya sa gwanintar hannu ta fi tafiya ga zayyanar allo da adon bango da aikin riga. Ranar 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar ƙin zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram, aka ƙona cibiyar al'adun Faransa da Nijar da majami'u. Washegari ta kai Yamai. Kimanin mutum 10 suka rasu a biranen biyu.

Ta biyu ta doka ce. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka gyara a watan Yuni na 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta kafofin sadarwa.

Ta uku tana cikin salon kansa. Tintin au Congo, wanda aka fara bugawa a 1930, ya zana baƙar fata da manyan leɓɓa da hankalin yara, kuma ana sukarsa har yau. Mai koyon zane da ya kwafi salon babban hanci ido rufe yana iya kwaso wannan raini ya ɗora wa kakanninsa.

Hanyoyin da masu zane suka bi

Daga ayyukan da aka ambata, dabaru huɗu sun fito. Akwai ta Astérix: a bar babban mutum da kwarjininsa, a ɗora dariyar kan dogari, maroƙi, ɗan aike ko baƙon da bai san gari ba. Akwai ta Iznogoud: a karkata suna. Akwai ta Moustapha Alassane: a sa dabba. Akwai ta Kate Beaton: a riƙe abin da ya faru daidai, a sa barkwancin a cikin magana.

Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, abin da ya ƙara buƙatar littattafan da yara za su karanta da ita. Labarin zane yana cikin masu sauƙin shiga, domin hoto yana riƙe yaron da karatunsa bai nuna ba. Kayan aikinsa fensir ne da takarda da wayar ɗaukar hoto, sai kuma tsohon da ya san tarihin gidan, wanda ya kamata ya ga zanen kafin ya fita.