Baƙar Fata da Mace a Majigin Yara na Amurka

Jama'a, abin da zan ɗan taɓo a wannan maƙala shi ne yadda majigin zane na yara, wato katun, ya siffanta baƙar fata da mace. Na ɗauki kamfanin Disney ne domin shi ne uba a wannan sana'a.

Tun ƙarni na 19 akwai wani wasan dandali a Amurka wanda Turawa kan shafa baƙi a fuska, su kwaikwayi baƙar fata don a yi dariya. Masu zanen farko daga nan suka gaji manyan leɓɓa da zare ido. A fim ɗin Fantasia na 1940 an zana wata baƙar yarinya, rabi mutum rabi dabba, tana goge wa farare kofato. Sai a 1969 aka yanke wurin. A Dumbo na 1941 kuwa, shugaban hankaki sunansa Jim Crow, wato sunan dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Song of the South na 1946. An gina shi a kan tatsuniyoyin da bayi suka ƙetara da su daga Afirka, har da mai kama da tamu ta Gizo da budurwar danƙo. Amma James Baskett, tauraron fim ɗin, bai halarci bikin buɗe shi a Atlanta ba saboda wariya.

Mace ma ba ta tsira ba. Snow White ta 1937 shara da girki take yi wa wadanni 7. Ita da Cinderella ta 1950 duk kishiyar uwa ce ta gallabe su, kuma ɗan sarki ne mafitarsu. Mace mai iko kuwa, sai a mai da ita muguwa ko mayya. Sai a 2009 aka samu gimbiya baƙar fata, Tiana, ita ma yawancin fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙannenmu suna kallon waɗannan finafinai. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce mu nazarci majigin yara kamar yadda muke nazarin tatsuniya, mu duba wa ya zana, da yaushe, da kuma wanda aka mayar abin dariya.