Yadda Tafi da Taku Suka Shiga Aji a Jamus

A shekarar 1924, masanin kiɗa Carl Orff da malamar motsa jiki Dorothee Günther suka buɗe makaranta a birnin Munich na Jamus. Ɗalibanta 'yan mata ne da suka mallaki hankalin kansu. Ra'ayin Orff shi ne kiɗa da rawa da magana tushensu ɗaya, don haka mai rawa ta iya kaɗa wa kanta. A nan Gunild Keetman ta yi karatu, daga bisani ta zama malama.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin. An rufe makarantar a 1944, sannan bama-bamai suka rushe ginin a 1945, kayan kiɗan suka salwanta.

A 1948 gidan rediyon Bavaria ya nemi Orff ya shirya darussa domin yara. Makarantun da za su saurara ba su da wadatar kayan kiɗa, amma kowane yaro yana da hannu da ƙafa. Darasi kan fara da waƙoƙin wasa da kiran sunaye, yara su raka su da tafi, taku, bugun cinya da ƙyasta yatsu. Sai jiki ya riƙe sautin kafin a nuna musu rubutunsa.

Daga 1950 zuwa 1954 Orff da Keetman suka tattara darussan cikin littattafai 5. A 1961 aka kafa cibiyar horar da malamai a Salzburg ta Ostiriya, inda tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wannan tsari shi ya sa makarantar da ba ta da ko ganga ɗaya take iya koyar da kiɗa.